'Yan Matan Mista Cottle

Deptford, London
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Malam Haggai Jang,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Mama da jikoki, kuma ƙafar da aka ce tana damunka ta yi sauƙi. Ni ce Lubabatu Nata'ala, wadda ka koya wa Turanci a sakandare a Jos, mai zama layin gaba kusa da taga. Ƙanwata Shafa'atu ce ta samo mini adireshinka. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa, wannan ce ta huɗu.

Tambaya ce ta kawo ni, amma sai na fara da bayani.

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wani kamfanin wanki a bayan Old Kent Road, muna wanke zanuwan gado da tawul na otal-otal. Mu goma sha tara ne a ɗakin guga, duk mata: 'yan Ghana, 'yan Jamaica, Turawa huɗu, sai ni. Supervisor ɗinmu, wato mai kula da ɗakin, ya kwanta ciwon baya shekara biyu da suka wuce, bai dawo ba. Tun daga nan ni ke rubuta rota, jadawalin da ke nuna wa za ta zo da safe, wa za ta zo da rana. Ni ke koya wa sababbi injin guga. Ba wanda ya ce in yi, ba kuma wanda ya ce in bari.

Watan jiya aka ce za a cike gurbin. Na nema. Aka ba Gary, direban motar kai kaya, ɗan shekara ashirin da shida. Ba mugun mutum ba ne, amma ranar da ya fara ni ya tambaya inda ake kashe injin. Na je wurin manaja, Mista Cottle. Ya ba ni kujera, ya yi murmushi, ya ce, "Luba, you're my best girl." Ya ƙara da cewa 'yan mata ba sa jin maganar yarinya 'yar'uwarsu, sai da namiji a kansu.

Malam, shekarata arba'in da ɗaya. 'Yata Jamilatu tana sha huɗu. Doreen mai ninke tawul jikokinta biyar, ita ma girl ce a bakinsa. Pat, wakiliyar union ɗinmu, wato ƙungiyar ma'aikata, ta ce in shigar da ƙorafi wurin manyan kamfanin. Maigidana Uwaisu kuwa ya ce kalmar ƙauna ce, haka Turawa ke magana, kada in rasa abincina a kan harafi huɗu. Wataƙila gaskiyarsa. Ni Turancin sakandare gare ni, shi ma ya sha ruwa.

Don haka nake roƙonka ka gaya mini: mece ce ainihin ma'anar kalmar nan? In ni ce ban gane ba, zan yi shiru in koma kan injina.

Ka huta lafiya.
Ɗalibarka,
Luba

Jos
2 ga Afrilu, 1987

'Yata Lubabatu,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji mai kiyaye mu duka. Wasiƙarki ta same mu lafiya, Mama ta sa na karanta mata sau biyu. Ƙafa tana nan, muna tafiya tare, wani lokaci ita ke gaba. Na tuna ki sarai. Ke ce mai goge amsar da take daidai ki rubuta wata, sa'an nan ki koma ta farko.

Na sa jikana ya sauko mini da babban ƙamus daga saman kabad, na kwana biyu a kansa. Ga abin da na samu. Shekara ɗari bakwai da suka wuce, in Bature ya ce girl, yaro ƙarami yake nufi, namiji ko mace, babu bambanci. Daga baya maza suka fice daga cikinta, ta zama ta 'ya mace kaɗai. Bayan wasu ɗaruruwan shekaru samari suka ɗauka suna kiran budurwa da ita. Kusan a wannan zamanin kuma masu gida suka fara kiran baiwar gida ko 'yar aiki da ita, ko da ta yi furfura. Duk waɗannan ma'anoni suna nan a raye, ba wadda ta mutu sai ta farko.

To kin ga maigidanki bai yi ƙarya ba, akwai ƙauna a ciki. Amma ki bar ƙamus, in ba ki wani labari. Mahaifina ya yi shekara talatin a ma'adinan kuza. Ya san ƙasa fiye da injiniyoyin da ake turowa, shi ke nuna musu inda za a haƙa. Har ya bar aiki boy suke ce masa, suna kuma sonsa ƙwarai, duk Kirsimeti suna ba shi kaza. Ba a taɓa ba shi ko da mutum biyar ya shugabanta a takarda ba. Mu ma nan gida mukan ce "yarona" ga mutum mai 'ya'ya shida, kin sani.

Saboda haka ba zan ce miki zagi ne ba, ba zan ce yabo ne ba. Ki duba abin da aka yi da ita. A ranar da kika faɗa, da ita aka hana ki kujera. Wannan ba ya bukatar ƙamus, kuma Turancinki ya isa ki gane shi, tun da kin gane.

Ki shigar da ƙorafin. Amma ki je da hujja, gama Bature ba ya jin "kowa ya sani."

Ubangiji ya ba ki nasara. Mama tana gaishe da Jamilatu.

Malaminki,
H. Jang

Deptford
5 ga Mayu, 1987

Malam,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na gode da amsarka. Na shigar da ƙorafin, an sa hearing ranar 16 ga Yuni, wato ranar da manya za su zauna su ji kowane ɓangare. Uwaisu ya karanta labarin mahaifinka, washegari shi ya kai ni ofishin union a motarsa.

Yanzu ga inda na maƙale. Mista Cottle ya rubuta cewa taimako kawai nake yi, shi ke tsara komai. Rota ɗin kuwa babu sa hannuna, don ban taɓa ganin ya dace in sa ba. Da Pat ta tambaye ni hujja sai na tuna littattafaina. Ka tuna a aji uku ka ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya faru a yininsa? Ni ban daina ba. Suna cikin akwati, shekara bayan shekara, da Hausa. Na kai wa Pat na shekara biyun nan, na fassara mata shafi ɗaya, ta kusa tashi daga kujera don murna. Ta ce za a ɗauko tafinta, amma sai a ba da su cikakku, in aka cire shafi za a ce mun zaɓa.

Ga irin abin da ke ciki: "Talata. Ruwan sama. Safura ta yi waya shida saura kwata, za ta makara. Na sa Doreen a injinta, na mayar da ita aikin rana a takarda."

Safura 'yar Kumasi ce, ƙawata tun ranar da na fara aiki. Tana sharar ofis da asuba kafin ta zo wurinmu, 'ya'yanta uku, mijinta Abdul-Mumuni ya daɗe ba aiki. Na ƙirga, sau talatin da ɗaya na rufa mata. Dokar kamfani, makara shida kora ce. Ba ita kaɗai ba ce a ciki, amma tata ta fi yawa. Abin da zai nuna ni ke riƙe da ɗakin shi ne zai nuna asirin da na rufa.

Na rubuta takardar janye ƙorafin, tana cikin jakata, ban miƙa ba. Jamilatu ta gan ta, ta ce mini da Turanci, don ba ta amsa mini da Hausa, wai in na janye kada in sake ce mata ta dage a makaranta. Na yi mata faɗan rashin kunya, amma maganar ta zauna mini.

Ban san abin da zan yi ba, Malam. Ina jin tun farko ni na jawo, da wannan rubuce-rubucen nawa.

Ɗalibarka,
Luba

Deptford
21 ga Yuni, 1987

Malam,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama. Amsarka ba ta iso ba har yau, ina zaton tana hanya. Bari in ba ka labari bi da bi, kada in tsallake.

Ranar wata Lahadi na ɗauki littafin na hau bas zuwa Lewisham, flat ɗin Safura. Na ce gara ta ji daga bakina. Na zauna na karanta mata duka talatin da ɗayan. Ka san Hausarsu ta zango, mace da namiji duk ɗaya ne. Ta ce, "Kai Luba, har ranar da na ci wakenka a kwano ka rubuta? Wane irin mutum ne kai?" Ta yi dariya. Na fito da takardar janyewa na nuna mata. Ta karɓa, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin tukunyar da ke kan tebur. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana jin girls, girls, kamar kaji ake kira, in za a kore ta a kore ta a gaban mutane, amma ba za ta zama dalilin da zan zauna a ƙasa ba. Na ce ta yi tunanin yara. Ta ce in tashi in tafi kafin ta yi tunanin.

Ranar hearing mutum uku ne a kan tebur, babbansu wani dattijo daga hedikwata. Tafinta, wani ɗalibin likitanci ɗan Katsina, ya karanta shafi wajen ashirin. Ina jin sunana da yanayin sama da ciwon kaina suna fita da Turanci, na rasa inda zan sa fuskata. Mista Cottle ya ce littafin mutum ba hujja ba ne, kowa na iya rubuta abin da yake so, kuma shi ya san 'yan matansa.

Na shirya in faɗi tarihin kalmar kamar yadda ka rubuto, na haddace shi a bas. Da na miƙe duk ya gudu. Na dubi Mista Cottle, abin da ya fito kawai shi ne: "Ranka ya daɗe, in ni yarinya ce, to shekara biyu yarinya ke riƙe maka ɗakin nan, zanen gado ko ɗaya bai makara ba. In kuma ba yarinya ba ce, ban ga sauran dalili ba." Na zauna.

Sai Pat ta ce akwai shaidu. Ashe Safura ta zaga kowa ban sani ba. Mata goma sha ɗaya suka shigo da rigunan aiki. Safura ta fara. Ta ce duk abin da aka karanta gaskiya ne, ta makara, kuma duk ranar da za ta makara akwai lambar da take kira. Ta buɗe jaka ta ajiye wata 'yar takarda da ta tsufa a kan tebur. Lambar wayar gidana ce. Doreen ta ajiye tata. Haka suka bi layi, wata a bayan katin bas, wata a murfin kwalin magani. Dattijon ya tambaya ko akwai mai lambar ofis a cikinsu. Babu.

Ya juya wurin Gary, da ke zaune a gefe, ya ce shi fa, da motarsa ta lalace a watan Janairu wa ya kira? Gary ya yi ja har kunne. Ya ciro walat ɗinsa, ya zaro takarda, ya ɗora a kan sauran. Allah ya saka masa, bai yi ƙarya ba.

Aka ce mu jira wasiƙa cikin mako biyu. Safura dai an riga an ba ta takardar gargaɗi, ba kora ba, don Pat ta tsaya a kan cewa an yi aikin, ba a rasa awa ko ɗaya ba. Ta ce za ta sa ta a firam.

Abu ɗaya zan ƙara maka a ƙamus ɗinka. Da muka fito, Doreen ta ɗaga hannu ta ce, "Come on, girls," mu je mu sha shayi. Duk muka bi ta, har da ni, ban ji komai a raina ba sai daɗi. Na yi ta tunanin wannan a hanya. Ban gama ba.

Ka sa mu a addu'a. Har yanzu ina ganin kamar na yi maganar da tsauri.

Ɗalibarka,
Luba

Deptford
6 ga Yuli, 1987

Malam,

Gaisuwa da godiya. An ba ni. Yau na fara. Gary ya koma motarsa da ƙarin girma, ya ce ya fi samun barci.

Supervisor farar riga yake sawa. Da na je ɗakin ajiya na tarar duk na maza ne, ƙaramar cikinsu ta rufe mini yatsu. Na naɗe hannun sau uku na shiga ɗakin guga a haka, mata suna tafi, Safura tana cewa na yi kama da mai sayar da nama. Da rana Mista Cottle ya leƙo, ya ce, "Mrs Nata'ala," za a yi odar rigar mata guda ɗaya daidai jikina.

Na ce ya yi odar biyu, ɗayar ta fi tawa tsawo. Ba a kaina za a tsaya ba.

A gaishe da Mama. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi.

Ɗalibarka,
Lubabatu Nata'ala