Tulun Feterita

Abu Na'ama, Mayu 1964

Zuwa ga Maigida, Malam Abdulmuttalib, a wurin ginin hazzan, wato madatsar ruwa, Damazin.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma kana cin abinci a kan lokaci. Baba Audi da Inna suna sa maka albarka.

Bayan haka, ranar da aka yi ruwan fari ita ce ranar da amarcina ya ƙare a gidanku. Ina zaune a rumfa da ɗan littafin soyayyar da ka sayo mini a Sinnar, yarinyar ciki tana tsaye bakin taga tana jiran masoyinta, sai ga ɗigo a kan shafin. Na fita tsakar gida na shanya hannuwa ina shaƙar ƙamshin ƙasa, ina cewa ina ma kana nan. Ban ankara ba sai muryar Baba a bayana: "Ke ɗiyar Mai Wurno, bar rawa, ɗauko ƙwarya. Shibka za a yi."

Maƙwabta suka ce rushash ne, yayyafin nan da ke riga damina, a dakata. Baba ya ce mahaifinsa ya gaya masa a ƙasar Sakkwato ba a kwana da iri bayan ruwan fari. Ka dai san Baba duk rayuwarsa bakin kogi ya noma, inda ruwa ke janyewa ya bar masa laka. Gonar tudu bara ya fara ta. Muka zuba irin gidan nan kaf. Ya tsiro kore shar, har na so in rubuta maka waƙa. Sai rana ta buɗe. Ƙasa ta sake tsagewa har ƙafata na shigewa, tsiron ya kwanta ya ƙone.

Yanzu ba ƙwayar iri a gidan nan sai dawar feterita da Innata ta can garinmu Mai Wurno ta liƙe mini a tulu cikin kayan gara. Baba ya ce da an sake ɗigawa in kawo. In ita ma ta ƙone, bana ba mu da gona. Kai ke zaune da masu auna sama da kogi. In ba shi ko in hana?

Ka huta lafiya.
Taka, Yalwa.

Damazin, Mayu 1964

Zuwa ga iyalina Yalwa.

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso ta hannun Sambo mai lori, na ji daɗin jin kowa lafiya.

Tambayarki ta sa na zauna da muhandis namu, wato injiniya, lokacin shayi, kuma na ƙaru ƙwarai. Ki sani ruwan damina ba a nan ake haɗa shi ba. Rana ce ke dafa teku can nesa, tururi ya tashi kamar na tukunyarki. A watannin nan kuma tana gasa ƙasarmu, iska mai zafi ta yi sama ta bar gurbi, sai iskar kudu mai laima ta biyo ta cike shi. In tururin ya hau sama ya sha sanyi, sai girgije, sai ruwa. Mafi yawansa yana zuba a duwatsun Habasha, ya gangaro mana ta kogin nan ja wur, ya koma teku, rana ta sake ɗauka. Subhanallahi! Rushash kuwa leƙe ne kawai: iskar kudu ta leƙo, ta arewa ta kora ta. Sai ta kudu ta zauna daram ake cewa damina ta shiga.

Game da tulu, Baba babba ne, ke kuma mai hankali ce. Ku daidaita.

Na ba Sambo sabulu da sabon littafi. Ki miƙa gaisuwata ga Baba da Inna.
Mijinki, Abdulmuttalib.

Abu Na'ama, Yuni 1964

Maigida,

Gaisuwa. Sabulu ya iso, darasi ma ya iso, na gode. Yanzu na san inda ruwan teku ke zuwa, amma ban san inda mijina ya tsaya ba.

Shekaranjiya aka sake yayyafi, ko kajin gidan nan bai jiƙa ba. Kafin ya ɗauke Baba ya riga ya fito da sandar shukarsa. Na rasa abin yi, na ɗauko takardarka na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe yana sosa gemu, sannan ya juya wajen Inna ya ce, "Kin jiya? Mun tura yaro neman aiki, ya tai koyon dahuwar teku." Ya ce mini, "To mi ya ce kan tulu?" Na ce ka ce mu daidaita. Ya ce, "Halas, an daidaita. Kawo."

Na ce ina jiran izinin maigidana a fili. Tun daga nan bai taɓa tuwon da na tuƙa ba. Inna ta ja ni gefe ta ce in ba shi ko don kunya, surukuwa ba ta ja da suruki.

Abin haushin shi ne darasin naka ya shiga kaina, ya hana ni sakat. In na hura wuta, hayaƙi kudu yake karkata, wato iskar arewa ce ke busawa har yanzu. In na yi shanya, kafin in rataya zane na ƙarshe na farko ya bushe ƙayau. Gishiri a kasko ko alamar laima babu. Kogi kuwa yashi ne tsibi-tsibi a tsakiyarsa. Da ina duban girgije in ga fuskarka. Yanzu ina dubansa ina tambayar daga wace kusurwa ya taso. Kai ka jawo mini wannan.

Wallahi mazan cikin littattafan nan, ko mugun cikinsu in aka tambaye shi yana iya cewa i ko a'a. Kalma ɗaya nake nema, ba sabulu ba.

Allah ya tsare ka.
Yalwa.

Damazin, Yuni 1964

Yalwa,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri. Ba zan iya rubuta "a'a" a takardar da za a karanta wa mahaifina ba. "I" ɗin ma ba zan rubuta ba, don a nan kogi bai motsa ba. Amma fa muhandis da kansa ya ce wata shekara damina takan zo gajeriya, wanda ya yi jinkiri dawarsa ba ta nuna. Allah ne masani.

Ki gaida gida.
Abdulmuttalib.

Abu Na'ama, Yuni 1964

Maigida,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya.

Jiya da hantsi aka sake ɗigawa, Baba ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina. Ban fake da sunanka ba, tunda ba ka ba ni shi ba. Na durƙusa na ce masa irin nan na garata ne, kuma ba zai shiga tsagaggiyar ƙasa ba. Ya ce in damina ta wuce mu, ni zan amsa a gaban gidan nan duka. Na ce na ji. Yau da safe na gaishe shi bai amsa ba.

Ka huta lafiya. Ba zan fasa liƙin tulun ba sai iskar kudu ta zauna.

Yalwa.