Gurbin Yatsan Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Kwamfutar Yaya ta fara buɗe baki. Ta kusurwar hagu ta ƙasa gilashin ya rabu da murfinsa, in na ɗaga sai in ji ƙas, kamar ana taune ƙashi. Ko shekara bai cika da rasuwa ba, ita ma tana neman bin sa. Komai nasa dai gaggawa.

Laraba, 5 ga Maris
Na dawo daga shagon faci, na wanke hannu, na zauna karatu. Littattafan da ya tara a cikinta su ne makarantata, tunda waccan ta allo da benci ba mu daɗe da juna ba. Ina tsakiyar shafi sai murfin ya soma kwantawa baya da kansa, a hankali, ya tsaya daidai inda Yaya ke ajiye shi. Ya fi ni tsawo, shi ya sa yake kwantar da shi haka. Taga a rufe take. Rana tsaka.

Na ce, "To sannu da zuwa." Da ƙarfi na faɗa, don haushi. Daga nan ban iya ci gaba ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai wa mai gyara, wani mai tabarau da ke magana kamar yana tsoron kalmomi su ƙare masa. Ya juya ta, ya ce hinjin hagu, ƙarfen da murfin ke juyawa a kansa, ya yi tauri har ya fizge robar da ke riƙe da shi. Sai ya ɗora yatsa a kusurwar sama ta murfin, inda fenti ya goge yana sheƙi.

"Mai ita ta nan yake buɗewa. Bahago ne?"

Bahago ne. Wa ya tambaye shi duba?

Wai gyaran gaskiya sai an canja murfin gaba ɗaya. Wai akwai wata siririyar waya da ta bi ta cikin hinjin, in ta tsinke gilashin ya mutu. Na ce masa murfin nan ba ya zuwa ko'ina. Ya ce, "Ɗan samari, roba ce fa." Na ce shi ma tabaransa roba ne, ya cire ya yar mana. Na ɗauko abata.

A hanya na lura babban yatsana na kan gurbin nan da fenti ya goge. Ashe ni ma ta nan nake buɗewa tun da ta dawo hannuna, ni da ba bahago ba.

Asabar, 8 ga Maris
Ni da nake liƙe tayar babbar mota, roba tafin hannu za ta gagare ni? Na karanta yadda ake yi, na sassauta hinjin, na zuba gam, na danne bakin da abin maƙale shanyar Umma. Ta leƙo ta ce, "Yanzu kayana a ƙasa zan shanya?" Na ce ta bari sai gobe. Ta tsaya kallon kwamfutar da maƙalai a baki. "Kamar an ɗaure masa haɓa," in ji ta, ta fita.

Da ma ba ta faɗa ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Ya kama. Mai tabarau ya ci kansa.

Talata, 11 ga Maris
Ya sake ɓallewa, ya fi na da. Yanzu rabin gilashin na hagu baƙi ne, sai in na matse kusurwar yake dawowa. A cikin baƙin fuskata nake gani, amma kallon ba nawa ba ne. Irin wanda Yaya yake min ne in na yi taurin kai, gira ɗaya a sama. Na kifa ta a kan katifa.

Yaya, kai ka lalata hinjin nan da buɗewarka ta ganganci, ka tafi ka bar ni da shi. Ko sau ɗaya ba ka iya buɗe abu ta tsakiya kamar mutane ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Umma ta shigo ta ce, "Kunna min shi." Ba ta cewa ita. Bidiyon nan take nufi, wanda Yaya yake gyara fankar tsakar gida yana dariya. Na kunna, ina matse da kusurwar, hannuna ya gaji ya zame. Baƙin ya cinye rabin fuskarsa, dariyar na ci gaba.

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Kai ka riƙe gurbin yatsa, ni ka bar ni da rabin fuska."

Na kashe bidiyon.

Asabar, 15 ga Maris
Na mayar wa mai tabarau. Bai ce ai na gaya maka ba, wannan ya fi ba ni haushi. Wayar ta ƙuje amma ba ta tsinke ba. Nan take ya canja murfin. Na ce tsohon murfin nawa ne, in ya yar da shi sai na juye masa shago. Ya sa min shi a leda, ya ajiye a gefen teburinsa.

Talata, 18 ga Maris
Sabon murfin baƙi ne sumul, ba ya kwantawa sai an kwantar da shi. Umma ta kalli bidiyonta har ƙarshe, ta sa na maimaita. Ni kuma na gama littafin da na makale a kansa, ƙarshensa shirme.

Sai ɗazu da nake neman caja na tuna ledar. Tana can gefen teburinsa tun ranar Asabar. Zan je in ɗauko. Wannan satin dai aiki ya yi yawa a shago.