Yajin Jegon da Inna Ta Daka

Yaya Lubabatu,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya mutanen Yalwa? Nan Amurka lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na yi ɓari, Yaya, cikin wata biyar. Na koma aiki na tarar jami'ar Katolikan da nake koyarwa ta rabu biyu kan ko inshorar ma'aikata za ta biya kuɗin zubar da ciki. Kowane ɓangare ya kawo takarda in sa hannu, shugaban sashenmu ya hana zancen a aji. Duk iliminsu, ba wanda ya ce mini sannu.

Yajin jegon da Inna ta daka mini, ki ba matar ɗan'uwanmu Uzairu, tunda ta kusa haihuwa. Inna kuwa, bari in gaya mata da bakina.

Ƙanwarki,
Ramlatu