Waya Mai Ido Huɗu

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Asibiti
Daga: Ungozoma mai rajistar awon ciki, ɗaki na biyu
Kwanan wata: 16 ga Mayu

Game da: Wayoyin aiki da aka raba mana, da takardun gargaɗi biyu da suka jawo mini

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 3 ga Maris, Jami'in Saye-saye ya sayo mana wayoyin rajista. Mai gyaran kwamfutocinmu ya roƙe shi ya dakata mako uku, domin sababbi masu ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar waya, suna hanya, kuma manhajarmu sai da irinsu. Jami'in ya ce shi ba ya sayen abin da idonsa bai gani ba.

2. A gabana ya gwada samfurin wayar. Ya ɗora a tafin hannu, ya yaba nauyinta, ya ƙirga idanun kyamara huɗu, ya ɗauki kansa hoto sau biyu. Iyakar binciken ke nan. Ashe ragowar bara ce da mai shago ke neman kai da ita. Allah ya ƙara wa Jami'in basira, akwai wurin zuba ta.

3. Wayar nan, ranka ya daɗe, in na shigar da sunan mace ɗaya sai ta tsaya cak, ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Mata arba'in a kan benci, ƙafafu a kumbure, suna kallona ina lallashin waya. Wata ta tambaye ni ko wayar ma awo ta zo.

4. Ranar 9 ga Afrilu da 2 ga Mayu aka ba ni takardun gargaɗi kan jinkirin rahoto. Ta uku kora ce. Shekara goma sha tara ina aikin nan da biro, ban taɓa makara ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Don haka ina roƙo a cire takardun daga fayil ɗina, a canza wayoyin, a kuma zaunar da Jami'in a kujerata ranar awo ya yi wa mata goma rajista.

An ce kwamitin ladabtarwa ya turo mini ranar zama ta wayar. Ina roƙon a sanar da ni a takarda, don tun jiya saƙon yake buɗewa.

Tare da ladabi da biyayya,

Ungozoma, ɗaki na biyu
(sa hannu)