Zaren da na fizga

Talata, 4 ga Yuni
Shekara tara ina fama da abu guda: yadda zan ɗora ƙwayoyin asali, masu gyara tsoka, a kan zaren ɗinki mai narkewa, ya shiga da su cikin rauni ya bar su can. Jiap ta zo ɗakin bincikenmu wata bakwai kacal, yau Ajan Wirot, shugabanmu, ya leƙa nata zaren a madubin ƙara girma ya ce, "Ku zo ku ga yadda suka manne." Na je na gani. Sun manne ɗin, abin haushi.

Alhamis, 13 ga Yuni
Za a gwada nawa da nata a agarar zomaye sha biyu. Wanda ya ci da shi za a ci gaba, ɗayan a ajiye. Ajan zai liƙa lambobi don kada a san na wa ne. Ni zan ɗinka, don duk gidan nan babu hannu kamar nawa. Wannan dai ba ta ƙwace ba tukuna.

"Phi Orn, kin ci abinci?" Kullum sai Jiap ta tambaye ni, har da haɗa tafuka, da "Phi" ɗin nan, wato Yaya. Ladabinta ma yana ba ni ciwon kai.

Talata, 25 ga Yuni
Lambobin banza. Jiap 'yar masaƙa ce daga garin Chonnabot, tana naɗe zare a gicciye yadda uwarta ke naɗe siliki. Ni zagaye nake yi. Na buɗe kwano shidan yau, duka a gicciye, na ce nata ne.

Zaren nan a hankali ake jansa, ana ƙirga goma, in ba haka ba ƙwayoyin su kankare a bakin rauni. Ban ƙirga ba. Na fizga, sau shida. Babu wanda ya lura.

Na ci som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda, faranti biyu da rana, ya yi min daɗi.

Laraba, 26 ga Yuni
Shidan yau ma a gicciye. Na tambayi Jiap. Wai ta ga nawa ba ya jiƙa daidai a cikin ruwan ƙwayoyin, sai ta sake naɗe min tun makon jiya, kafin a sa lamba. "Kada ki ji haushi, Phi, na so kowa ya samu adalci ne."

Yau na ƙirga har sha biyar a kowane ja. Ban san na wa nake lallaɓawa ba.

Alhamis, 8 ga Agusta
An buɗe lambobi. Na ranar farko nawa ne. Zare ya narke, agara ba ta warke ba. Nata shida sumul.

Ajan bai kalle ni ba. Ita ce ta tsaya tana cewa ba ta yarda ba, ta ga zarena a madubi da idonta, lafiyarsa lau, a sake gwadawa. Da ta yi murna da na fi samun sauƙi.

Juma'a, 16 ga Agusta
Sadakar dabbobin gwaji ta bana. Sufayen haikali tara suka zo, muka kai abinci, muka zuba ruwa a gindin bishiya don ladan ya kai ga zomayen. Kowace shekara ina zubawa da zuciya ɗaya, don na san ba a banza suka mutu ba. Bana na tsaya a tsakiyar zubawa. Jiap ta tallafe min gwiwar hannu har ruwan ya ƙare. Na tsane ta a wannan minti, tsana ta gaske.

Litinin, 19 ga Agusta
Na shiga wajen Ajan na faɗa masa abin da na yi. Ya daɗe yana goge tabarau. Ba za a sake nawa ba, kuma ba zan sake ɗinki ni kaɗai ba, sai da mai ƙirga a gefena. Ya ce in zaɓa.

Ita na zaɓa. Ba don komai ba, ta dai iya ƙirga.