Mai neman ɗiyarmu yana dafa abin da ido ba ya gani

Assalamu alaikum 'yan gurup. Admin, ɓoye sunana, don a Dakoro ko akuya ta san muryata. Don Allah ku ba ni shawara.

Ɗiyar wana, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta kawo wanda take so, sai dattawan gidanmu suka ɗora mini binciken sana'arshi, tunda ni dillali ne, haƙorin raƙumi kawai nake dubawa in faɗi shekarunshi. Asalin yaro lafiya lau, mutanen Sabon Maci ne. Sana'ar ce ta kashe mini jiki. Ya ƙare ƙuruciyarshi a iniversite a ƙasar waje har sanƙo ya kai mishi ƙeya, na ce me kake yi, wai a labo, ɗakin gwaje-gwaje, yake dafa sinadarai cikin wani gishiri mai ruwa-ruwa alhali ba a zuba mishi ruwa ba, kuma ko ya sha wuta ba ya ƙafewa. Na ce to in ya dahu me ake kwashewa? Wai ƙwayoyi, ƙanana har ido ba ya ganinsu. Namiji da gemunshi fa, jama'a.

Da na yi dariya ya ji haushi, ya fiddo 'yan kwalabe, ya tura ƙofar zaurena da rana tsaka, ya haska su da wata tocila. Wata ta yi kore, wata ja kamar garwashi. Wai duk abu ɗaya ne, girman ƙwayar ke canza launin, kuma da irinsu ake ƙawata hoton tele. Na ce telen mai shayin tasha ba ta jira ka ba.

Ashe wani makiyayi daga Azagor da ke jirana a waje ya leƙo. Kafin la'asar kasuwar dabbobi duk ta ɗauka surukinmu aljanu yake rufewa a kwalba, shi makiyayin har tayin tunkiya ya yi a kan jar kwalbar, zai rataya wa raƙumarshi.

Ranar Juma'a dattawa ke jiran bakina, kuma wana ya rantse in boka ne an fasa. Yarinyar ta kira ni tana kuka, wai Baba ƙarami aurena yana bakinka. Ni na san ba boka ba ne, boka ai yana da masu saye. Amma in suka ce to mene ne shi, me zan ce? In ce mai haja ne wanda ko shi bai taɓa ganin hajarshi ba?