Gumbar Sadakar Inna

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman Agadas? Yaya Hadiza da yara, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan Urafan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ka san Inna ta daɗe tana fama da ciwon zuciya, shi ne kuma ajalinta, ko a gidan likita haka suka ce. Amma tunda zawo da amai ya shigo garin nan, duk wanda ya mutu sai a ce kwalara ce. Ko a masallaci an daina musabaha. Tsoro kam ni ma ina ji.

Ran sadakar uku na daka gumba, na aika gida-gida. Yaya, maido mini ita aka yi, ko murfin kwanon ba a ɗaga ba! Har da maƙwabciyarmu Lantana, wadda Inna ta yanke wa 'ya'yanta cibiya kaf. Ta bayan danga ta ce, "Rabi, yi haƙuri, ina da ƙanana." Na ce, "Hannun wa ya fara ɗaukarsu?"

Jumma kaɗai ta shigo, Bafulatanar da ke kawo mana nono. Ta wanke hannu da sabulu, ta zauna ta ci, ta yi wa Inna addu'a.

A sa mu cikin addu'a, Allah ya yaye cutar nan. Ka gaishe da mutanen gida. Tsarabar da ka saba kawo wa maƙwabta kuwa, bana ta Jumma ce.

Ƙanwarka,
Rabi